Motar Hambali Mai Mutuwa a Hanya

"Me ka ce wa matar nan har ta sauke kayanta?"

"Abin da ke akwai na gaya mata, Ciyaman."

"Mu sauran abin da babu muke faɗa ke nan?"

"Ban kira motar kowa ba. Tawa na ce."

"Taka da tawa da ta sauran direbobin nan ai uwa ɗaya ta haife su. Kana cewa taka tana mutuwa a hanya, ka kashe rabin tashar nan. Hambali, in wa'azi kake so, ga masallaci can. Nan wurin lodi ne."

Ku saurara. Daga tsakiya na ɗauko muku, bari in koma baya.

An yi wani bawan Allah a wani gari, shekaru sun ja, direban haya, shi ne wannan Hambalin. Ba malami ba ne, ba mai kuɗi ba ne. Ƙaramar mota gare shi, tsohuwa, irin waɗanda ake tsallako mana da su bayan masu su na farko sun gaji da su. Da ita yake ci, da ita yake ciyarwa. Yana da layi a tasha. Kun fi ni sanin layi: in ba ka da shi, ko motarka a leda take, kai ɗan kallo ne.

Wata rana ya ɗauko cike, yana gangarowa wata gada, taya ta faɗa rami, injin ya ɗauke. Ba tari, ba jijjiga. Shiru kawai. Sitiyari ya yi tauri a hannunsa, birki ya koma dutse. Ya kai ido, makulli ya juya baya da kansa. Allah Ya sa ba abin da ke tahowa a gaba. Ya murɗa, ta tashi, ya wuce. Fasinjojin ko hirarsu ba su katse ba, musun farashin masara suke yi.

Ya sauke su, ya zarce wajen Isiyaku mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota. Isiyaku ya zare makullin, ya auna shi a tafin hannu. Ga makullin gida, ga na kwaɗon but ɗin mota, ga laya, ga abin yankan farce, ga ƙaramin carbi, duk a zobe ɗaya.

"Malam, gidanka ka rataya wa motar nan?"

"Kowa haka yake yi."

"Kowa ba irin wannan yake tuƙawa ba." Ya nuna masa swici, wato gidan da makulli ke shiga. "A irin wannan motar sakwaf ya zo tun daga wajen ƙira. Nauyi kaɗan, gargada kaɗan, ya koma baya ya kashe maka komai. Na ji an ce a ƙasar da aka yi ta, kamfanin ya kira su duka aka canza musu kyauta. Sai da mutane suka mutu tukuna."

"Mu fa?"

"Mu wa ya san da mu? Wanda aka kira ya daɗe da sayarwa. Kiran yana can, motar tana nan."

Kada ku ce bai nemi gyara ba. Ya nema. Ya cire komai ya bar makulli tsura, ta yi masa lafiya na ɗan lokaci, sannan ta sake, a tsakiyar wata kasuwa, saura kaɗan ya hau kan mai amalanke. Ya sayo wani swicin a kasuwar kayan gyara, ashe daga jikin 'yar uwarta aka ciro shi, ciwon ɗaya ne. Isiyaku ya haɗa masa waya kai tsaye, ba a jima ba ƙauri ya fara tashi daga ƙarƙashin sitiyari, dole aka mayar. Swicin da kamfanin ya gyara kuwa, an tambaya har an gaji, babu.

Shi ne ya ɗauki wata ɗabi'a. In layinsa ya zo, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Jama'a, motar nan takan mutu a tafe. In ta mutu sitiyari da birki ba su ji. Wanda zai shiga ya shiga da sani."

Kullum haka. Kowane lodi haka. 'Yan kamasho suka sa masa suna Mai Sanarwa. In ya doso sai wani ya ɗaga murya, "A ba shi lasifika." Wasu fasinjojin su yi dariya su shiga, wasu su ja baya, wasu kuma su fara leƙa motocin da ke bayansa suna tambayar ko su ma irinta ne. Nan rigimar ta samo asali.

Ciyaman Tanimu, shugaban tashar, ba mugu ba ne, kada ku ɗauke shi haka. Bakuna yake gani, na direbobi da na iyalansu. Ranar da ya tare Hambali, bayan ya huce sai ya sassauta murya.

"Kai musulmi ne. Kwana in ya ƙare, ko a kan gadonka kake ya ƙare."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"To?"

"Ba na so ya ƙare wa wani a kan abin da na sani na yi shiru."

Ciyaman ya ce, "Ran kasuwa mai zuwa ka zaɓa. Ko bakinka, ko layinka."

A gida ma bai sami sauƙi ba. Matarsa Yelwa ta ajiye masa abinci ta zauna nesa.

"Malam, ka taɓa kashe wani?"

"A'a."

"Ka taɓa ji wa wani ciwo?"

"Allah Ya tsare."

"Mutane na tuƙa wadda ƙofarta da igiya ake ɗaurewa, ba su yi shela ba. Sai kai. In suka karɓe layin, yaran nan in sun tashi da safe me zan ce musu?"

Ita ma ba ƙarya ta yi ba.

Ran kasuwa ta zo. Ya fito da niyyar ya faɗi maganarsa, in an kore shi ya koma bakin titi yana tsintar fasinja, yana faɗa musu, wanda ya yarda ya shiga. A ganinsa ya fita haƙƙi ke nan. Layi ya zo kansa, Ciyaman na zaune a benci yana kallo, ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗi abin da ya saba faɗa.

A nan nake so ku saurara da kyau.

Wata tsohuwa ce a gaba, ƙafafunta a kumbure, asibitin birni za ta. Ta tsaya ta ji shi har ƙarshe. Sannan ta miƙa masa ƙullin kayanta, ta dafa ƙofa, ta shiga ta zauna.

"Iya, kin ji abin da na ce?"

"Na ji, ɗan nan. Ƙafa ce ke ciwo, ba kunne ba."

"Kuma za ki shiga?"

"To wacce zan shiga? Waɗancan ba su ce min komai ba. Kai da ka faɗa, ai kai ne mai tsoron Allah. Taka zan shiga."

Hambali ya tsaya riƙe da ƙullin. Gaskiyar da yake faɗa don a guje shi, ita ce ta jawo masa tsohuwar. Sai a lokacin ya gane abin da ya daɗe yana yi. Sanarwar ba ta gyara swici ba. Hannunsa kawai take wankewa, ta ɗora nauyin a kan mutumin da ba shi da wata hanya. Ita ba ta san sitiyari ba, ba ta san birki ba. Shi ta sani, shi ta yarda da shi.

Ya ce, "Iya, yi haƙuri ki sauko."

Ta yi mita, ta ce ya wahalar da ƙafarta a banza. Ya riƙe ta har wajen wata bas, wadda ba irin tasu ba, ya sama mata kujera kusa da ƙofa. Ya dawo ya rufe but ɗinsa.

Ciyaman ya taso. "Ni ban ce ka tafi ba. Shiru na ce ka yi."

"Na ji. A ba na bayana layin."

Ya ja motar ba kowa a ciki, a hankali, har ƙofar gida.

Dillalai ba su bari ta huce ba. Wani ya zo har zaure. "Mun ji, mun gani, a haka muke so. Kai dai ka sallama."

"Wa za ku sayar wa?"

"Wanda Allah Ya kawo."

"Za ku gaya masa?"

Dillalin ya yi dariya. "Malam, mota muke sayarwa, ba tarihi ba."

Bai sallama ba. 'Yan gwangwan ya kira, masu sayen ƙarfe a kilo, kuma kun san abin da suke bayarwa. Ya tsaya a kansu har suka yanka ta. Swicin bai bar musu ba, don ya san washegari zai koma kasuwar kayan gyara a sa wa wani. Ya ɗora shi a kan dutse ya farfasa da guduma. Yelwa na daga cikin gida tana jin ƙarar, ba ta fito ba.

Na ga wasunku suna jira in ce wani attajiri ya ji labari ya aiko masa da sabuwar mota. Ba a aiko ba. Layinsa aka ba wani. Ya koma wankin mota a gefen tashar da ya yi shekaru yana lodi a cikinta, yana wanke motocin mutanen da suka yi masa dariya, har hannuwansa suka tsattsage. Gidansa an ci, an kuma kwana ba a ci ba. Yelwa ta yi haƙuri, amma in abin ya ishe ta takan tuna masa.

Sauran motocin suka ci gaba da lodi. Wasu sun tsufa lafiya har suka mutu a gareji. Wasu sun faɗi a hanya, aka ce direba ya yi barci, aka ce gadar ce ba ta da kyau, aka yi jana'iza aka watse. Ba wanda ya duba inda makulli ya tsaya. Mutanen da da za su shiga motar Hambali kuwa, ba mu san su ba, su ma ba su san shi ba. Ba wanda ya taɓa zuwa yi masa godiya. A haka ya rasu. Sakamakonsa yana wajen Wanda ya yi dominSa.

Ga abin da nake so ku tafi da shi. Wanda ya shiga motarka, amanar ransa ya ba ka. Ɓoye masa aibi ha'inci ne. Gaya masa ya fi, amma in ba shi da zaɓi, faɗar ba ta sauke maka nauyi ba. Tawakkali ba shi ne ka ga ciwo ka rufe ido ka ce Allah na nan ba. Allah na nan, kuma Ya ga ka gani.

Wanda motarsa ta taɓa ɗaukewa a tafe, ya daina cewa iska ce ta shiga mai, ya je a duba. Wanda ya ji an ce an taɓa kiran irin tasa a can, ya tambaya. Ku rage tarkacen nan da kuke rataya wa makulli. In kuma an duba ba ta gyaruwa, kun ji abin da Hambali ya yi. Ban ce da sauƙi ba. Na san me ake ciki, na san akwai yara a gida.

Amma kowannenku ya sani, da mahaifiyarsa ce ta zo da ƙullinta, da sai ya ja hannunta ya kai ta wata motar. To waccan da ke zaune a inuwa tana jiran lodinka ya cika, uwar wa ce?