Mu Uku Mun Isa

Akwai wani malamin jami'a da 'yan gidansu ke kira Mai Allo, saboda ko maganar cefane ake yi sai ya nemi abin da zai zana a kai. Fanninsa wani reshe ne na ilimin manɗiƙi, wato ilimin tsara hujja. Tambaya ɗaya yake bi tun yana saurayi: idan mutane da yawa kowa na da zaɓinsa, wane rukuni ne a cikinsu zai iya tabbatar da abu, ko da sauran sun ƙi?

Yakan ce wa ɗalibansa, "Ku bambance abu biyu. Akwai abin da zai yiwu idan kowa ya ga dama. Akwai kuma abin da rukuni zai sa ya faru dole, ko sauran su yi ta tsalle." Sai ya rubuta rukunin a allo cikin baka biyu, ya rubuta sakamakon a gabansa, ya kakkaɓe hannu. Wallahi mutumin ya iya aikinsa, wannan ba a ƙwace masa ba.

Su biyar ne a wajen mahaifiyarsu. Akwai Yaya Babba, ɗan kasuwa. Sai Mai Allo. Sai ƙanwarsu Nas, mai aikin asibiti. Sai Tela, ita ma mace. Sai Auta, wanda Mai Allo ya riƙe a gidansa tun rasuwar mahaifinsu, har ya gama makaranta ya yi aure.

Umma tana zaune a tsohon gidan da aka haife su duka. Idonta ya tafi, sai dai ta ga haske da duhu. Amma a gidan nan ba ta neman kowa. Tafin hannunta ya san bangon tsakar gida, har wurin da take dafawa ya yi santsi. Ta san inda dakalin kicin ya karye, ta san famfon da sai an murɗa shi baya kafin ya kawo ruwa. Ita take dafa shayinta, ita take kai kanta banɗaki.

Bayan rasuwar uban, 'ya'yan sun yi yarjejeniya cewa ba za a taɓa gidan ba, sai in uku cikin biyar sun amince. Umma ta ce ita ba ruwanta, abin da suka yanke shi ke nan.

Ana nan, sai wani mai gina shaguna ya ƙyalla ido ya ga gidan. Yaya Babba ya ce a sayar, a mai da Umma wani gidan bene na zamani kusa da asibitin da Nas ke aiki. Nas ta ce ita ma tana ganin hakan. Tela ta kira Mai Allo tana kuka, ta ce, "Yaya, in aka fitar da Umma daga gidan nan, an makantar da ita sau biyu."

Mai Allo ya ce ta share hawayenta. Ya kira ta ita da Auta zuwa ofishinsa, ya tsaya gaban farin allo kamar yana aji.

Ya zana da'ira biyar. Ya kewaye uku da jan alƙalami. Ya ce, "Ni, ke, da Auta. Mu uku za mu iya hana sayarwa, ko me su biyun suka yi. Rukuni biyu da ba su haɗa mutum ba, ba za su iya tilasta abu da kishiyarsa a tare ba. Tunda muna da uku, su ba su da shi. Magana ta ƙare."

Tela ta ce, "To mu je mu ga Anti Nas mana. Ni na ga kamar akwai abin da ke damunta."

Ya yi dariya. "Me za mu yi da na huɗu? Uku sun isa. Ba na ɓata lokaci a kan abin da hujja ba ta buƙata."

Daga nan daɗin bayani ya ɗebe shi. Ya ɗora alƙalami a kan da'irar Auta, ya ce, "Ka ga nan? Biyu can, biyu nan, kai a tsakiya. Duk ɓangaren da ka taka, shi ke da uku. A wannan tsarin kai ne ke riƙe da makulli, ɗan ƙanena."

Auta ya daɗe yana kallon allon. Ya ce, "Ashe haka ne, Yaya?" Mai Allo ya ji daɗi, wai yaro ya gane darasi.

Jama'a, ya gane kam.

Ranar taro suka haɗu a falon Umma da yamma. Ita tana ɗaki, ta bar ƙofa a buɗe. Yaya Babba ya ce mai son a sayar ya ɗaga hannu, ya ɗaga nasa. Nas ta ɗaga nata, kanta a sunkuye. Mai Allo ya harɗe ƙafa, hankali kwance, har yana duba waya.

Sai ya ji Tela ta ce, "Innalillahi!"

Ya ɗago. Hannun Auta ne a sama.

Mai Allo ya ajiye wayar. Ya ce, "Auta, ƙaiƙayi kake yi ko me?"

Auta bai kalle shi ba. Yaya Babba ne ya amsa, "Uku ke nan, Malam. Kai ne mai lissafi."

A bakin ƙofar gida Mai Allo ya tare Auta. Ya ce, "Ni? Ni za ka yi wa haka? A ɗakina ka girma. Ni na riƙa zama da kai kana karatu kana gyangyaɗi."

Auta ya ce, "Yaya, an yi mini alƙawarin shagon kan kwana a sabon ginin. Ina da iyali. Kuma gaskiya ni ban san ina da wani muhimmanci ba, sai ranar da ka zana mini. Da na fita daga ofishinka, wajen Yaya Babba na wuce."

Ni mai ba ku labarin nan, duk lokacin da na zo nan sai raina ya ɓaci. Wannan cin amana ne, ba shi da wani suna. Kuma abin takaicin, da alƙalamin Mai Allo kansa aka nuna wa yaron hanya.

Mai Allo ya juya zai shiga mota, sai ya ga Nas zaune a dakali tana share ido. Ya ce cikin zafi, "Ke kuma kukan me kike? Ba abin da kike so aka yi ba?"

Ta ce, "Abin da nake so? Yaya, shekara nawa ina tasowa daga wancan gefen gari in zo in ɗiga mata maganin ido, in koma aiki, in sake dawowa? Waye a cikinku ya taɓa cewa yau ki huta? Na gaji ne kawai. Da ka zo ka ce za ka ɗauki wasu ranakun, wallahi da hannuna bai tashi ba. Na yi ta jiran ka kira ni. Sai Tela ta ce mini wai ka ce uku sun isa."

Sai Mai Allo ya tuna darasinsa. Shi da kansa yake koya wa ɗalibai cewa rukunin da ya tsaya cif a kan iyaka, mutum ɗaya na zamewa ya rushe. Da su huɗu ne, da Auta ya ɗaga hannu har ya gaji ba abin da zai canja.

Aka rushe gidan. Aka kai Umma sabon bene mai tayil da fenti mai sheƙi. Washegari da safe Mai Allo ya je gaishe ta, ya same ta tsaye a tsakiyar falo, ta miƙa hannu tana lalube a iska. Ashe tun ɗazu take son zuwa banɗaki, kunya ta hana ta kiran mai aikin da aka ɗaukar mata.

Ta ji motsinsa ta ce, "Wane ne? Mai Allo? Zo ka nuna mini inda bangon yake, ɗana."

Ya kama hannunta, hawaye na zuba, ya kai ta har ƙofa. Tun daga ranar kullum sai ya biyo kafin ya wuce aiki. Ranakun da Nas ta so ya ɗauka, yanzu duk nasa ne, sai dai babu gidan. Auta kuwa yana shagonsa na kan kwana, daidai inda kicin ɗin Umma yake a da.

Darasi: Sanin abin da mutane za su iya yi tare daban, sanin abin da ke ransu daban. Kada ka ƙirga ɗan'uwa a ɓangarenka ka kwanta, kuma kada ka raina wanda kake ganin ba ka buƙata; taka ka je ka ji damuwarsa tun kafin ranar ɗaga hannu. Ku tura wa 'yan'uwanku wannan, musamman masu cewa "mu mun isa".