Giwa Mai Gashi da Cinikin Fito

To ku matso, ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Iya!

Can da, duniya sanyi ne da ita. Ruwa ya daskare ya zama dutse, dabbobi kowa da gashi har ƙasa. A cikinsu akwai wata giwa mai gashi, sunanta Lanti. Mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya ɗaya tak, Talle. Lanti kuwa a ciniki ba a taɓa cin ta ba. In aka faɗa mata farashi, sai ta ce albarka, ta juya tana tafiya a hankali, kafin taku uku mai kaya ya kira ta. Ni ma haka nake yi wa mai daddawa, kun sani.

Ana nan sai rana ta fara zafi. Ƙanƙara ta narke ta zama kogi, gajeriyar ciyawar da giwaye ke ci ta ƙone, sai can ƙetaren ruwa ake samunta. Gizo ya ɗaure gorunan duma ya kafa fito, yana haye kogin da dabbobi.

Shekarar farko ruwa iya gwiwa. Lanti ta zo da Talle.

"Gizo, me za ka karɓa ka fitar da mu?"

"Ranki ya daɗe, dami ɗaya na gashinki. Ƙoƙi za ta saƙa bargo."

"Gashin nawa? A wannan ruwan da ko kaza ba zai ci ba? Albarka!"

Ta juya. Taku ɗaya, biyu, uku, Gizo ya kira. "To rabin dami!" Ta ce bana dai ba ta tafiya, baɗi Gizo zai sauko da kansa. Ɓauna kuwa ta miƙa gashinta duka aka fitar da ita tsirara. Lanti ta yi ta dariya har da hawaye.

Shekara ta biyu ruwa iya ƙirji. Talle ta rame, haƙarƙarinta a waje, tana haki ƙarƙashin gashi.

"Inna, mu tafi. Yunwa nake ji."

"Yi shiru, kada ya ji ki ya ƙara kuɗi. Gizo, bana fa?"

"Gashin bayanki duka."

"Bara dami, bana baya? Kai ko kunya! Albarka!"

Ta juya. Sai a taku na tara Gizo ya kira, shi ma ba da ƙarfi ba. Raƙumin dawa ya haye, karkanda ta haye. Lanti ta zauna da 'yan uwanta suna cin ɓawon itace, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya.

Shekara ta uku ba a hangen gaɓar can. Giwa mai gashi saura su biyu a duniya. Talle ba ta iya tsayuwa sai ta jingina da ƙafar uwarta.

"Gizo."

"Fiton ƙarshe ke nan, Lanti. Ni ma yau zan bi iyalina. Kawo hauren nan biyu ku hau."

Hauren da mijinta ya aure ta dominsu! Zuciyarta ta ce ba shi. Amma bakin da ya saba ya riga ta.

"Albarka."

Ta juya, tana tafiya a hankali, kunne a baya. Taku uku, shiru. Taku goma, shiru. Taku ashirin, ba abin da take ji sai ƙarar ruwa. Da ta waiwaya, Gizo ya yi nisa, ya zama ɗigo a tsakiyar kogi.

"Na sallama! Gizo, na sallama! Ga haure, ga gashi! Ɗauki Talle kaɗai!"

Ruwa ne kawai ya amsa.

Ta koma ta tsaya a kan 'yarta tana yi mata inuwa da jikinta. Talle ta buɗe ido ta ce, "Inna, ya rage mana?"

Lanti ta ce, "Ya kusa, 'yata. Yi barci."

Da safe Talle ba ta tashi ba. Lanti ba ta gusa daga wurin ba har ta faɗi a kanta, haurenta biyu cif, ba wanda ya karɓa. Ɓauna kuwa har yau tana nan, gashinta tsilli-tsilli, da jikoki cike da daji.

To kun ji. Ku ja ciniki da mai daddawa, zai kira ku ku dawo. Amma in kuka ga rana ta sauya, ruwa yana hawa kowace shekara, ku biya abin da aka ce ku haye da 'ya'yanku, don lokaci ba ya kiran wanda ya juya baya.

Kungurus, na ɗora ta a kan kusu ya gudu da ita.