Sabon Lagireton Jar Mota

Akwai wani bakanike, jama'a, da kowa ke kira Baƙin Mai, saboda ko sabulu nawa ya ƙarar, farcensa ba ya rabuwa da baƙin man inji. Mutum ne mai hannu, ko maƙiyinsa ya san haka. Sai dai yana da wani hali: idan aka ɓata masa rai ba ya faɗa, ba ya zagi. Haɗiyewa yake yi, abin ya yi ta dahuwa a cikinsa.

Yana da amini tun na ƙuruciya, direban tseren motoci, ana ce masa Sha-Kwana. Su biyun suka tsinto wata jar mota a bayan wani tsohon gareji, kaji har sun mai da kujerar baya wurin ƙwai. Baƙin Mai ya kwance injin kaf, ya wanke, ya sake haɗawa, har motar ta koma abin tsoro a filin tsere.

Ranar da ta ci babban tserenta na farko, wani ɗan jarida ya miƙa wa Sha-Kwana lasifika ya ce, "Wa ke gyara maka wannan mota?"

Baƙin Mai yana tsaye a gefe da tsumma a kafaɗa, har ya fara murmushi yana gyara wuyan riga.

Sha-Kwana, da kai ya riga ya kumbura, ya ce, "Ai mota direba ce. Ina dai da wani mai faci da ke ɗan ɗaure min notuna."

Fili ya kwashe da dariya. Kafin mako ya zagayo, duk layin kanikawa an daina cewa Baƙin Mai, sai Mai Faci. Har mai sayar da ruwan sanyi sai ta leƙo ta ce, "Mai Faci, a kawo ruwa?"

Baƙin Mai ya haɗiye, kamar yadda ya saba. Ya sauke hotonsu daga bangon gareji, ya daina ɗaga wayar aminin nasa, ya kuma rantse a ransa cewa sai an yi wa Sha-Kwana dariya a wannan filin kamar yadda aka yi masa.

A gida kuma ya kafa wa ƙaninsa Auta doka. Shi ya riƙi Auta tun rasuwar mahaifinsu, shi ya koya masa tuƙi, shi ya samo masa aikin jan motar gidan burodi. Amma Auta burodi kawai yake rabawa, zuciyarsa tana filin tsere.

"In na sake ganinka kusa da mutumin nan, ni da kai ne," in ji Baƙin Mai.

"To, Yaya," in ji Auta, kansa a ƙasa.

Aka kwana biyu. Wata safiya sai ga jar mota ta tsaya a ƙofar gareji. Sha-Kwana ya fito rungume da wani ƙaton kwali, ya dire shi a kan teburin aiki.

"Sabon lagireto ne, na alminiyam, ya ninka tsohon kauri," ya ce. "Motar nan, da zarar an matsa mata sai ta ɗauki zafi. Na kai ta manyan gareji, babu wanda ya gane kanta. Tseren ƙarshen wata kuwa masu kamfani za su zo neman sababbin direbobi. Ba na son hannun kowa a kanta sai naka."

"Hannun mai faci?" in ji Baƙin Mai.

Sha-Kwana ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya sosa ƙeya, ya dubi ƙasa. Sai kawai ya ajiye makulli a kan kwalin ya fita.

Baƙin Mai ya bi shi da harara. Wato ko "yi haƙuri" ma ya fi ƙarfin bakinsa! To, Allah ya kawo shi har gida.

Wallahi aikin da ya yi wa motar nan sai wanda ya gani. Ya zubar da tsohon ruwa, ya cire tsohon lagireton da tsatsa ta toshe, ya yanka sababbin ƙarafan da za su riƙe babban, ya sauya duk tiyo, ya sa sabon murfi. Ya cika ruwa, ya bar injin yana aiki har iskar da ta maƙale a ciki ta fita tas. Duk wanda ya ɗaga bonet sai ya yaba.

Saura fanka. Ita fankar lagireto aikinta ta zuƙo iska daga gaban mota zuwa ciki. Wayoyi biyu ne kacal a jikinta. Idan aka sauya musu wuri, sai ta juya da baya, ta riƙa hura iska waje. Mota tana tsaye ba za a gane komai ba, iska na ratsa lagireto, allurar zafi tana kwance. Amma da an fara gudu, iskar hanya na turowa, fanka na mayarwa, sai ruwa ya tafasa.

Baƙin Mai ya daɗe yana kallon wayoyin nan. Sannan ya sauya su, ya haɗa fankar yadda ba za ta taɓa hutawa ba, ya naɗe wurin da baƙin salatif tsaf.

Da Sha-Kwana ya zo ɗauka, aka tayar da mota, ta yi ta ruri a tsaye, allura ko motsi.

"Na san hannunka ba ya ƙarya," in ji shi. "Ka zo filin ranar tsere, don Allah. Akwai abin da nake so ka gani."

"Ai ko ba ka gayyace ni ba, zan zo," in ji Baƙin Mai.

A gida ranar har ƙari ya nema, yana ci yana 'yar waƙa. Matarsa ta tsura masa ido ta ce, "Maigida, wannan fara'ar taka ba ta kwanta min ba."

"Ke dai ƙaro miya," ya ce.

Ranar tsere ya sa sabuwar riga, ya nemi kujera a sama inda zai ga komai. Direbobi suka shiga motoci, kowa kansa cikin hular kwano. Aka ɗaga tuta. Jar mota ta fita kamar an harba ta, ta wuce wannan, ta sha gaban wancan, kafin ka ce me ta zama ta gaba. Mutane sai ihu suke yi.

Baƙin Mai yana murmushi yana cewa a ransa, "Matsa mata, ɗan'uwa. Ƙara matsa mata."

Sai ya ji an dafa kafaɗarsa. Ya waiwaya. Sha-Kwana ne tsaye cikin kayan gida, riƙe da lemo biyu masu sanyi, bakinsa har kunne.

Baƙin Mai ya miƙe zumbur. "Kai... wa ke cikin motar?"

"Autanka ne!" in ji Sha-Kwana yana dariya. "Duk ƙwallon da yake ce maka yana zuwa ranar hutu, wurina yake zuwa. Yaron nan ya fi ni, wallahi. Na yi maka laifi a gaban jama'a, bakina ya yi nauyin ba ka haƙuri. Sai na ce bari in ba ƙaninka motata a ranar da masu kamfani ke kallo. Saboda shi na sayi lagireton."

Baƙin Mai bai san lokacin da ya tsallake kujeru ba. Ya isa jikin shingen waya yana jijjiga shi, yana ƙwala kira, "Auta, tsaya! Kashe ta! Kashe ta!" Wa zai ji shi cikin wannan ruri?

Saura kaɗan a gama, farin tururi ya turnuƙe daga gaban jar mota. Ta yi tari, ta gangara gefe, sauran motoci suka wuce ta ɗaya bayan ɗaya. Aka fara dariya a wasu kujerun, irin dariyar da Baƙin Mai ya daɗe yana jira. Auta ya fito a guje, ya cire safar hannu don ya lalubo maɓallin bonet, yana son ceton motar mutane. Yana ɗagawa, tiyo ya fashe. Tafasasshen ruwa ya wanke masa hannaye biyu.

A asibiti, Sha-Kwana ya tare Baƙin Mai a baranda. Idonsa ya yi ja.

"Na kwance salatif ɗin," ya ce a hankali. "Na ga wayoyin. Ni ka nufa, na sani, kuma ni na jawo. Ba zan faɗa masa ba. Ko ka faɗa da bakinka, ko ka zauna da abinka."

Baƙin Mai ya shiga ɗakin. Auta na kwance, hannayensa naɗe da bandeji har gwiwar hannu. Likita ya riga ya ce yatsun za su warke, amma da wuya su sake damƙe sitiyari da ƙarfi irin na tsere. Masu kamfani kuwa tuni sun ɗauki wani.

Auta na ganin yayansa sai hawaye.

"Yaya, ka yafe min. Na karya dokarka, kuma na ɓata maka aiki."

"Yi shiru, Auta."

"A'a, laifina ne. Tun a tsakiyar tsere na ga allura ta hau ja. Da na tsaya, da babu abin da zai faru. Amma sai na ce a raina, ƙarya allurar nan take yi, Yayana ne ya ɗaura lagireton nan."

Baƙin Mai ya durƙushe a gefen gadon, kuka ya ƙwace masa irin wanda bai yi ba ko ranar da aka binne mahaifinsu.

Har Auta ya warke, Baƙin Mai ne ya riƙa ba shi abinci a baki da cokali. Kuma duk lomar da ya kai masa, sai yaron ya ce, "Na gode, Yaya."

Darasi: Idan aka ɓata maka, ka buɗe baki ka faɗa, kada ka ɓoye ramuwa cikin amanar da aka damƙa maka, domin ba kai ke zaɓar wanda za ta faɗa wa ba. Kai kuma da ka yi laifi, kyauta ba ta maye gurbin "yi haƙuri", ka furta ta tun da wuri. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda yanzu haka hannunsa ke kan nasa wayoyin.