Lambobi Biyar na Malam Labaran

Akwai wani mutum a garin Diffa mai suna Labaran. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana buga wa mutane takardu a shagon Alhaji Grema, can bayan kasuwar tattasai. Takardar neman aiki, takardar koke, dosiye, wato fayil, na masu neman taimakon furoje, wato shirin tallafi na ƙungiyoyi, duk ta hannunsa suke bi.

Kwamfutocin shagon biyu ne, kuma daga Maiduguri Alhaji ya sayo su. Madannansu na Ingilishi ne. Ko ka duba har idonka ya yi ja ba za ka ga é ko è ko ç a kansu ba, alhali takardun ofis a nan da Faransanci ake yin su. In ka kai takarda babu waɗannan 'yan alamomi, sai a kalle ka, a kalli takardar, a ce ka koma a gyara.

Labaran kaɗai ya san yadda ake fito da su. Wani tsohon akawu ne ya koya masa kyauta tun yana saurayi. Ka danne madanni guda, ka buga lamba uku, harafin ya fito da alamarsa a ka. Iyakar abin ke nan. Amma duk lokacin da zai buga, sai ya karkata kafaɗa ya kifa hularsa a kan hannu, kamar mai cin tsire a gaban yara.

Abokiyar aikinsa ita ce Ummusalma, wadda ta gudo daga Damasak da 'ya'yanta biyu shekarun baya. Hannunta ya fi nasa sauri nesa ba kusa ba. Ita ke buga takarda daga farko har ƙarshe, shi kuma ya bi layi-layi yana sa alamomin.

Ba sau ɗaya ba ta ce masa, "Malam Labaran, ka nuna mini mana. Ai kai ma ka huta."

Sai ya ce, "Wannan ba karatun kwana ɗaya ba ne. Ni kaina shekaru na yi kafin na iya."

Ƙarya yake yi, kuma ya san ƙarya yake yi. Ni ban ce mugu ne ba. Tsoro ne ya cika shi. Gani yake ranar da matar nan ta iya abin, Alhaji ba shi da sauran dalilin riƙe mutum biyu.

Za ku ce ai da ta tambayi wani a gari. Ta yi tunanin haka. Amma baƙuwa ce, ba ta so a ce ta zo tana haƙa wa ɗan gida rami, sai ta haƙura.

To, kujera dai ta zauna masa, sai dai shi ma ya zauna wa kujera. Ba Asabar, ba Lahadi. Ana raɗin sunan ɗan ƙaninsa aka zo aka ɗauke Labaran saboda takarda ɗaya. Bayansa na ciwo, idanunsa na ruwa, in ya koma gida ko hira ba ya iya yi. Mahaifiyarsa na Geskeru, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, amma wata biyar rabonsa da ita. Kullum ta aiko sai ya ce sati mai zuwa.

Wata Talata da hantsi ƙanwarsa Hafsatu ta kira shi.

"Yaya, jikin Inna ya yi tsanani. Tun jiya ba ta ci komai ba, sunanka kawai take kira. Ka taso yanzu."

A ranar kuwa akwai babban aiki a shagon. Manoman tattasai da ruwan kogin Komadugu ya cinye wa gonaki sun kawo dosiyen neman taimako, shafi hamsin da takwas, kuma ƙarfe huɗu za a rufe karɓa. Ummusalma ta gama bugawa tun jiya. Alamomin kaɗai suka rage.

Labaran ya faɗa wa Alhaji Grema halin da ake ciki. Alhaji ya ce, "Allah ya ba ta lafiya. Amma Labaran, gidaje sama da ɗari ke jiran takardar nan, kuma kai da bakinka ka ce ba mai iyawa sai kai. In akwai mai yi, tashi, ni da kaina zan kai ka tasha."

Ummusalma ta juyo da kujerarta.

"Malam Labaran, don girman Allah ka faɗa mini yadda ake yi, ka tafi. Ko da wuya zan lallaɓa. Uwa ce fa. Ni tawa ban samu ko sallama na yi da ita ba."

Labaran ya buɗe baki. Wallahi maganar ta zo har kan harshensa. Sai ya dubi Alhaji da ke tsaye a bakin ƙofa. In ya faɗa yanzu, cikin minti biyu za a gane cewa abin da ya yi shekaru yana kurari da shi bai taka kara ya karya ba. Kunya ta rufe shi.

Ya ce, "Bar shi. Awa biyu zan gama, in kama motar azahar."

Ya zauna ya fara. Shafi na goma, shafi na ashirin. Yana kan na ashirin da shida aka ɗauke wuta. Janareton shagon kuwa sati biyu ke nan yana wurin gyara.

Suka zauna cikin zafi suna jiran wuta. Hafsatu ta sake kira, ya ce yana hanya. Ummusalma ta kalle shi ta sunkuyar da kai.

Sai bayan ƙarfe biyu wuta ta dawo. Yana sauri, yana kuskure yana gogewa. Huɗu saura kwata ya miƙa wa shugaban manoman takardarsu, ya fita da gudu ko takalmi bai gama sawa ba.

A tasha ya tarar da wani direba yana wanke mota. Direban ya ce, "Geskeru? Haba malam, ta ƙarshe ta tashi tun ɗazu. Ka san halin hanyar nan, ba mai yarda yamma ta yi masa a kanta. Sai gobe in Allah ya kai mu."

Ya roƙa, ya ce zai ɗauki shatar motar shi kaɗai. Ba wanda ya yarda.

Washegari ya shiga motar farko. Tun daga bakin layinsu ya hango tabarmi a ƙofar gida, maza na zaune, wasu ƙafafunsu da ƙurar maƙabarta. Nan ya gane an riga an binne Inna, wani dattijo ya kama hannunsa ya shigar da shi gida.

Hafsatu ba ta yi masa faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Jiya da la'asar ta sa na share maka ɗaki. Ta ce ka gaji da yawa, in ka zo kada a tashe ka."

Bayan sadakar bakwai ya koma Diffa. Ya rame, muryarsa ta dishe. Da ya shiga shago bai zauna ba. Ya yagi bayan wani kwali, ya rubuta layi biyar da babban rubutu: é 130, è 138, à 133, ç 135, ê 136. Ya ajiye a gaban Ummusalma.

"Ki danne wannan madannin na kusa da dogon, Alt, kada ki saki. Ki buga lambar a madannan gefen dama. Sai ki saki."

Ta gwada. Harafin ya fito. Ta gwada na biyu, shi ma ya fito. Ta bi su duka biyar, ba a yi minti uku ba. Ta tsaya tana jira ya ci gaba.

Ta ce, "Saura fa?"

"Akwai wasu 'yan kaɗan, ba a cika bukatarsu ba. Zan rubuta miki."

Ta daɗe tana kallon kwalin. Da ta ɗago, idonta ya cika da ƙwalla.

"Malam Labaran, shi ke nan abin?"

Ya ce, "Shi ke nan. Abin da ya hana ni ganin uwata ke nan."

Darasi: Ilimin da ka ɓoye don kada a iya yi ba kai ba, shi zai ɗaure ka ranar da kake bukatar tafiya. Abin da aka koya maka, ka koya wa na kusa da kai tun kana da sarari, kuma kada kunyar minti biyu ta jawo maka nadamar da ba ta ƙarewa. Wanda iyayensa ke raye ya je ya gan su a satin nan. Ku tura wa abokan aikinku, wataƙila akwai wanda ke bukatar jin wannan yau.