Sajen Darma na Baba Tanimu

Ku gyara zama, don wannan labari ba irin wanda ake ji a watse ba ne. In ya ƙare sai kowa ya ce wani abu.

A Funtuwa, bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa, akwai wani dattijo ana ce masa Baba Tanimu. Aikin reluwe ya yi har ya ajiye. A zaurensa akwai wani ɗan ɗaki, a ciki kuma wani tebur mai faɗin gado biyu. Duk wanda ya leƙa sai ya ga ƙasa guda a kai: ga tuddai da aka yi da garin katako da sitaci, ga itatuwan soso da aka rina kore, ga gulbi ya ratsa tsakiya da gada ɗaya tak. Ga kuma sojoji na gasasshen yumɓu, kowanne bai fi ɗan yatsa ba.

Duk Asabar bayan la'asar abokansa uku suke zuwa a yi yaƙi. Akwai Mati magini, akwai Ila mai zanen manyan motoci, sai Haladu tela. Ba caca ba ce. Da tsinke suke auna tafiyar soja, sai gardama da dariya har a kira magariba. Dokokin wasan na gida ne, babba a cikinsu kuma Baba ne ya kafa ta: in damina ce a waje, damina ce a kan tebur. Gulbi ya cika, ba mai ƙetarewa sai ta gada. Haladu ya fi kowa riƙe dokokin nan. Ya taɓa ƙaurace wa zauren don Mati ya ƙara wa sojansa taku ɗaya.

In gardama ta ƙi ƙarewa, akwai wani ɗan sojan darma da Baba yake ajiyewa a aljihu, suna ce masa Saje. Mai riƙe da Saje shi ne alƙalin wasa. In ya ajiye shi a tebur, magana ta mutu.

Hansatu matar ɗan Baba ce. Mijinta direban tankar mai ne, ya fi zama a hanya, don haka ita ke kula da tsohon. Ba ta shiga ɗakin wasa. Takan miƙa zoɓo ta bayan labule, ta ɗan tsaya tana saurare.

Wata ranar bazara Baba ya faɗi a bakin rijiya. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, idonsa ya dushe, harshe ya yi nauyi. Ya daɗe a asibiti, ɗakin wasa kuwa na kulle, ba wanda ya tuna cewa sitaci da garin katako abincin gara ne. Ranar da aka sallamo shi ya nuna a buɗe masa. Tuddai sun zama rami, gada ta zube, sojoji kwance cikin ƙasar gara, fentinsu ya ɓamɓare. Baba ya duba, ya juya kansa. Daga ranar bai ƙara ko yunƙurin magana ba.

Likita ya ce jikin zai iya dawowa in yana motsa hannu yana gwada magana. Baba ya ƙi. Hansatu ta dama kunu ta kai, ta dawo da shi ya huce.

"Baba, ko cokali biyu," in ji ta.

Sai ya kalli bango. Tana gani yana ramewa, ta kuwa san ba ciwon kaɗai ke cinsa ba.

Mati ne ya fara. Ya zo da buhun jar ƙasa a kan keke, ya ce wa Hansatu ta ara masa tsohon kwano. Ya kankare teburin tas, ya sake gina ƙasar daga abin da ke kansa, wannan karon da laka da makuba irin ta shafen katanga, wadda gara ba ta so. Bai manta da ɗan kwarin da Baba yake ɓoye mayaƙansa ba, bai manta da karkatar gadar ba. Ya kuma yanke ƙafafun teburin yadda mai zaune a kujera zai kai hannu har tsakiya. Kullum in ya tashi daga aikin gini nan yake yini, yana aiki yana surutu da ƙarfi don a ji a ciki: "Wannan tudu dai a hagu yake, ko? To, tunda ba mai gyara mini, a hagu zan sa shi." Ranar da ya gama, Hansatu ta ji ƙarar sanda. Baba ne ya dafo bango, ya fito da ƙafarsa. Ya zauna gaban tebur, amma hannunsa na cinya.

Sai Ila ya kwashe sojojin a cikin hularsa ya tafi da su. Ya lura Baba yana ƙanƙance ido, bai iya rarrabe nasa da na abokan gaba, don duk kakinsu ɗaya. Ya wanke su da tsohon buroshin haƙori, ya tsinke gashin jelar akuya ya yi alƙalamin fenti. Rundunar Baba ya sa mata jar hula mai ɗaukar ido, ya kuma manna kowane soja a kan murfin kwalba don hannu mai rawa ya tura shi bai faɗi ba. Bai tsaya nan ba. Ya san Baba ya raɗa wa sojojinsa sunayen abokan aikinsa na reluwe da suka riga mu gidan gaskiya. Sai ya yi wa wannan gemu, ya yi wa wancan giɓi, wani kuma zube a kumatu. Da ya jera su ya ce, "Tsoho, ga mutanenka sun dawo aiki." Baba ya daɗe yana kallon mai giɓin. Can sai hannun nan da ya shanye ya taso, ya taɓa shi da yatsa.

Aka koma wasa, amma wasa ne na kurame. Baba ya tura soja, su kuma su bar shi ya ci don tausayi. Yana ganewa. Hansatu ta ga kunun da ya soma sha ya koma dawowa da saura.

Haladu bai kwaɓa laka ba, bai riƙe fenti ba. Wata Asabar cikin marka, ana yayyafi a kan kwano, ya ce shi zai kara da Baba, kuma ba sassauci. Da wasa ya yi zafi, sai Haladu, mutumin da bai taɓa satar taku ba, ya ɗauki sojojinsa ɗaya bayan ɗaya yana tsallake gulbi da su, nesa da gada. Mati ya buɗe baki, Haladu ya taka masa ƙafa. Ya ci gaba, har da 'yar waƙarsa.

Hansatu na bayan labule riƙe da jug ɗin zoɓo. Ta ga jijiyar wuyan Baba ta tashi, leɓensa na motsi.

"Ru... ruwa!"

"Wane ruwa?" in ji Haladu. "Ni ƙasa busasshiya na gani."

Baba ya buga tebur da tafin hannu. "Damina ce! Ɓarawo!"

Jug ya kuɓuce wa Hansatu. Ila ya yi kabbara, Mati ya juya baya yana share ido da hannun riga. Haladu kuwa ya maida sojojinsa ƙetare yana cewa, "Na ji, ranka ya daɗe. Ƙara zagina, don Allah." Ranar Baba ya shanye kununsa, ya nemi ƙari.

Kafin a yi girbi maganarsa ta dawo, da ɗan nauyi amma ana ganewa. Ran nan bayan wasa ya kira Hansatu, ta durƙusa a bakin ƙofa. Ya ciro Saje daga aljihu ya sa mata a tafin hannu.

"'Yata, alƙalanci ya yi mini nauyi yanzu. Ke kika ga komai ta bayan labulen nan. Ki ba wanda ya tashe ni."

"A tuna wanda ya fito da shi daga ɗaki," in ji Mati.

"Da ya fito me ya gani? Dishi-dishi," in ji Ila.

"Ku yi ta faɗa," in ji Haladu. "Ni aka zaga."

Suka bushe da dariya, Hansatu kuwa kanta na ƙasa. Tana son ta gode wa kowannensu. Ba don ginin Mati ba, da Baba na kwance yana kallon bango, ba abin da Ila zai jera sojoji a kai. Ba don fentin Ila ba, da hannun bai motsa ba, da Baba ma bai ga an tsallake gulbin ba. Ba don ha'incin Haladu ba, da har yau shiru ake yi, tsohon na ramewa a gaban tebur mai kyau. Amma kuma Saje na alƙali ne, Haladu kuwa doka ya karya da gangan kowa na kallo.

Darmar ta yi ɗumi a hannunta, su huɗu suna jira.

To, ku da kuka ji, Mati, Ila, ko Haladu: wa ya kamata Hansatu ta miƙa wa Saje?