Dokin Da Lantana Ta Taɓa

An ce a gasar ces, wato darar Turawa, da aka yi a Zariya, wasan ƙarshe ya haɗa gwanaye biyu, Lantana da Malam Maikano. Dokar ces kuwa ba ta da kara: abin da ka taɓa, shi za ka motsa.

Maikano ya tashi shan ruwa, alƙalin wasa ya juya baya. Lantana ta kama dokinta, nan take ta hango cewa in ya gusa, sarauniyarta ta tafi, kambun ma ya bi ta. Ta sake shi kamar garwashi. Ba wanda ya gani.

Sai dokin katakon nan mai guntun kunne ya yi gyaran murya. Ya ce, "Uwar ɗakina, ba ki ji labarin Ɗankaka ba?"

Ta ce, "Agogona na tafiya, taƙaita."

Doki ya ce, "Ɗankaka gwani ne. Ya taɓa ni kamar yadda kika yi, ya basar, ya ci kambu. Ashe wani ɗan kallo ya gani. Tun daga ranar, duk wanda ya zauna wasa da shi ba ya tashi, ko fitsari zai kashe shi. Abin ya ci masa rai, ya kai kuka wurin yayarsa Gambo.

"Gambo ta ce, 'Zauna ka ji labarin Jummala mai nono. Shekara ashirin ana miƙa mata kwano ba a dubawa. Rana ɗaya ta ƙara ruwa, aka gane. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya daina saye. Sai dai har ta tsufa, kowa sai ya ɗanɗana tukuna. Ƙanena, kai ma ɗanɗana ka ake yi.'"

Doki ya ce, "To, ni katako ne, ba ni da bakin kai ƙara."

Lantana ta yi murmushi, ta ce, "Na ji, sarkin surutu." Ta tura shi.

Maikano ya dawo, ya dubi dokin, ya dube ta. Tsohon gwani ne, ya san irin wannan tafiya ba a yin ta da son rai. Ya cinye sarauniya, don shi ma ba sadaka ya zo yi ba. Kambu ya kuɓuce mata, ta ji zafi, amma zuciyarta wasai.

Da aka watse suka sake jera 'ya'yan ces don nishaɗi. Ana tsakiyar wasa Maikano ya miƙe.

Ya ce, "Lantana, bari in karɓo mana shayi."

Ya fita ko waiwaye bai yi ba.