Madannin Gem Na Pak Engkos

Akwai wata ma'aikaciya a Jakarta, Bu Widuri, wato Malama Widuri, wadda ta yi shekara goma sha tara tana aiki ɗaya. Idan mutum ya ce ya ƙirƙiro abu yana neman takardar mallaka, ita ke bincikawa ta gano ko sabo ne ko wani ya riga shi. Tambayarta guda ce kullum: kafin ranar da ka shigar da takardarka, jama'a sun taɓa ganin abin nan?

Wata Litinin aka ajiye mata fayil ɗin wani kamfani mai ƙera madannin gem, abin nan da ake riƙewa ana dannawa a buga wasan bidiyo. Mai kamfanin, Pak Reynaldi, wato Malam Reynaldi, ya ce ya ƙirƙiro madanni na masu hannu ɗaya. Dabarar ita ce an mayar da sandar juyi ta biyu ƙarƙashi, ta zauna cikin wani ƙoƙon roba da ake ɗaurewa a gwiwa, sai gwiwar ta yi aikin hannun da babu.

Bu Widuri ta yi sati biyu tana tonon tsofaffin takardun Japan, Koriya da Amurka. Ba ta samu komai ba. Har ta fara shirin rubuta cewa abin sabo ne.

Ranan sai aka ce wani tsoho daga garin Cimahi yana jiranta, ya kawo ƙorafi a kan fayil ɗin. Sunansa Pak Engkos, mai gyaran rediyo da talabijin. Ya zauna a bakin kujera, ya kwance wata leda, ya ɗora abu a kan teburinta.

Madannin gem ne. Ga sandar a ƙarƙashi, ga ƙoƙon roba, ga maɗaurin gwiwa. Sai dai wannan da robar tayar babur aka yi shi.

"Bu, shekara bakwai ina yin su," in ji shi. "Ƙanin matata na fara yi wa, da injin masaƙa ya cinye masa hannu. Yanzu har daga Surabaya ake aiko mini. Ga wasiƙar da kamfanin nan ya turo. Wai da zarar takardarsu ta fito, in daina, ko mu haɗu a kotu."

Ta karanta wasiƙar, ranta ya ɓaci ƙwarai. Amma ta san aikinta.

"Pak, kana da wata shaida mai kwanan wata? Jarida, ko hoto da aka buga, ko talla?"

"Ga abin nan a gabanki, Bu."

"Na gani. Amma a wurin doka, wannan zai iya zama jiya ka ƙera shi."

Tsohon ya dube ta kamar ta mare shi. "Wato ni ne ɓarawon?"

Wallahi jama'a, babu abin da ya fi ciwo a aikin nan kamar ka san mutum gaskiya yake faɗa, amma ba ka da inda za ka rubuta ta. Bu Widuri ta sa aka kawo masa shayi, ta ce ya ba ta labarin tun daga farko.

A cikin labarin ne ya ce ya taɓa kai madannin wani baje koli a Bandung, aka ba shi teburi a lungu kusa da banɗaki. Nan Pak Reynaldi ya zo da abokansa, ya ɗauki abin yana juyawa, suna ta ƙyaƙyata dariya, ɗaya yana ɗauka da waya.

"Sun sa a intanet?"

"An ce sun sa. Ban kalla ba, Bu. Wa zai so ya kalli yadda aka mayar da shi abin dariya?"

Bayan ya tafi ta buɗe shafin Pak Reynaldi, ta bi shi shekara bayan shekara. Babu bidiyon. An goge shi tas. A nan ne haushi ya turnuƙe ta, domin wanda ya goge ya san abin da ya goge. Ta ture kwanon shinkafarta gefe, ko cokali ɗaya ba ta ƙara ba.

Kwana huɗu ta yi tana nema. A na biyar ta faɗa wani ɗan dandali na 'yan gem masu naƙasa. Ashe tun ranar da bidiyon ya fito suka kwafe shi suka liƙa a shafinsu, saboda takaici, suka rubuta a sama: ku dubi yadda ake kallonmu. Ga kwanan wata nan raɗau, shekara huɗu kafin kamfanin ya shigar da takarda.

Ta kira Pak Reynaldi zaman jin bahasi, kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Ya shigo da lauyansa, ƙamshin turare ya riga shi, bai ma jira an ce ya zauna ba.

"Bu, don Allah a hanzarta. Masu zuba jari suna jirana. Na ji wai wani mai gyaran rediyo ne ya riƙe mana aiki? Haba! Mutumin da ko zanen injiniya bai iya karantawa ba?"

"Pak, a takardarka ka sa hannu cewa kai ka ƙirƙiro wannan."

"Ni da injiniyoyina. Shekara biyu muna fama."

"Ba ka taɓa ganin irinsa ba?"

"Ina zan gan shi? A bola?"

Ta juya masa fuskar kwamfutarta, ta kunna.

Sai ga shi, da ƙuruciyarsa, riƙe da madannin Pak Engkos. Muryarsa ta cika ofishin: "Ku zo ku ga fasahar ƙauye! Sanda a ƙasa, jama'a! Sai ka ɗaure wannan robar a gwiwa, kana karkaɗa ƙafa kamar mai jin fitsari!" Ya juya abin a gaban kyamara, ya zare sandar, ya mayar, har ya ɗaura a gwiwarsa ya gwada. A bayansa ana hango tsohon tsaye, ya sunkuyar da kai.

Duk inda wani sashe ya bayyana, sai Bu Widuri ta tsayar da bidiyon ta karanto layin da ya yi daidai da shi a takardar kamfanin. Sandar ƙarƙashi, minti na ɗaya. Ƙoƙon roba, minti na biyu. Maɗaurin gwiwa da yadda ake sarrafa shi, Pak Reynaldi da kansa ya yi bayani dalla-dalla, don dariyar ta ƙara armashi.

Lauyan ya rufe fayil ɗinsa a hankali.

"Wannan ai bidiyona ne!" Pak Reynaldi ya buga teburi. "Ni na sa a ɗauka! Ba za ku yi amfani da kayana a kaina ba!"

"Doka ba ta tambayar wa ya nuna, Pak. Yaushe aka nuna take tambaya."

"Namu ya fi nasa kyau nesa ba kusa ba! Nasa tarkace ne!"

"Ya fi kyau, na yarda. Sabo ne bai zama ba." Ba ta ɗaga murya ba. "Na yi sati biyu ina karanta takardun manyan kamfanoni, ban samu wanda ya bayyana dabarar nan tiryan-tiryan kamar kai ba. Ka wulaƙanta dattijo a bainar jama'a, ka koma ka kwafi aikinsa, sannan ka aika masa wasiƙar barazana. Wannan tsakaninka da Allah ne. Nawa shi ne takardar nan, kuma ba za ta fito ba."

Ya fita bai yi sallama ba.

Da aka kammala hukunci ta buga wa Pak Engkos waya. Ta gaya masa an ƙi buƙatar kamfanin. Ta kuma gaya masa ɗaya gaskiyar, wadda take jin nauyin faɗa: tunda abin ya riga ya fita duniya, shi ma ba zai taɓa samun takardar mallakarsa ba. Kowa na iya ƙerawa yanzu, har shi Pak Reynaldin.

Ta zaci zai yi faɗa. Ita kanta abin yana ci mata rai.

"Bu, tsaya in gane," in ji tsohon. "Babu wanda zai hana ni?"

"Babu."

"Kuma wani mai gyara a Medan ko Makassar, in ya ga dama ya yi wa mutanen garinsu, babu mai hana shi?"

"Babu, Pak."

"Alhamdulillah. To ai shi kenan. Mutum goma sha ɗaya ke jirana, tun da wasiƙar nan ta zo na kasa taɓa komai. Bari in je in buɗe shago."

Darasi: Kada ka raina aikin hannun talaka, kuma kada ka mayar da rashin wani abin nishaɗinka. Wulaƙancin da ka yi ka manta, wanda aka yi wa yana riƙe da shi har da ranarsa, kuma zai iya tashi ya ba da shaida a kanka. In kuma hukunci yana hannunka, fushinka ya sa ka ƙara bincike, kada ya sa ka tsallake ƙa'ida. Ku tura wa wanda kuka san yana saurin yi wa mutane dariya, ko Allah zai sa ya rage.